Shafa launi a fuskokin siffa mai jiki: dalilin da ya sa kub mai kusurwa 8 ke bukatar ƙulli 24

Taƙaitawa

Wannan takarda tana magana ne a kan wata matsala da ke tare masu fara koyon zane da kwamfuta: sun gina kub, suna so kowace fuska ta sami launinta, amma sai launukan su narke cikin juna. Za mu nuna cewa katin hoto ba ya ajiye launi a fuska. Yana ajiye shi ne a cikin abin da muka kira ƙulli, kuma daga nan ne adadin 24 ke fitowa. Za mu bi wannan ƙa'ida har zuwa batun ɓoye fuskokin baya da batun haske, tare da ba da kalmomin Hausa da za a iya koyarwa da su.

1. Gabatarwa

Aikin gwajin da aka saba farawa da shi a darasin zane mai zurfi mataki uku ne: a gina kub, a sa shi ya riƙa juyawa, sannan a ba fuskokinsa shida launi shida. Matakai biyu na farko kan wuce ba tare da wahala ba. A na uku ake tsayawa. Ɗalibi ya rubuta kusurwoyi 8, ya ba kowace launi, ya kunna porogaram, sai ya tarar ja ya zarce cikin shuɗi, shuɗi ya zarce cikin tsanwa, babu fuska ko ɗaya da ta tsaya a kan launi guda. Wani lokaci kuma fuskar baya ce ke fitowa a kan ta gaba, ko kub ɗin ya zama dunƙule mai launi ɗaya wanda ba a gane gefensa.

Malami yana iya cewa kawai "a maimaita kusurwoyin", hoton kuma zai gyaru. Sai dai ɗalibin da ya karɓi wannan magani ba tare da dalilinsa ba zai sake gamuwa da matsalar a wata kama ranar da ya zo ga haske ko ga manna hoto a jikin siffa, kuma ba zai gane cewa ita ce ba. Shi ya sa muke ganin ya dace a ba wannan ɗan batu darasi cikakke. Misalanmu daga OpenGL muka ɗauko su, amma ƙa'idar ɗaya ce a WebGL, Direct3D da Vulkan.

2. Kalmomin aiki

Siffa mai jiki ita ce wadda ke da tsawo da faɗi da zurfi, wato solide a Faransanci. Kub shi ne siffa mai fuska shida daidai wa daida, irin ta ɗan lido. Fuska ita ce face, gefe shi ne arête, alwatika ita ce triangle. Allo shi ne gilashin na'ura inda hoto ke bayyana, ɗigo kuma shi ne pixel, mafi ƙanƙantar wurin da za a iya ba launi a allo. Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke lissafin zane.

Kalma ɗaya ce ke bukatar a dakata a kanta. Faransanci yana amfani da sommet don abu biyu daban. Na farko shi ne wurin da gefuna suka haɗu a jikin siffa, kamar yadda ake koyarwa a darasin lissafi; wannan za mu ci gaba da ce masa kusurwa. Na biyu shi ne tarin lambobin da ake miƙa ma katin hoto a lokaci guda: matsayi, launi, da duk wani abin da ke tafiya tare da su. Wannan muka ba shi suna ƙulli, bisa kamanci da ƙullin gishiri ko na sukari da ake sayarwa a kasuwa, wanda ake ɗauka gaba ɗayansa ko a bar shi gaba ɗayansa. Rabin ruɗanin da ake samu a aji daga haɗa waɗannan ma'anoni biyu a kalma ɗaya yake tasowa, kuma tun da Hausa ba ta riga ta ɗaure kanta da kalma guda ba, babu abin da ya hana mu raba su tun farko.

3. Yadda na'ura ke riƙe siffa

Mu ɗauki kub wanda tsakiyarsa ke a mafarin ma'auni, x na zuwa dama, y na zuwa sama, z na nufo mai kallo. Kusurwoyinsa su ne:

0 (−1, −1, +1)  1 (+1, −1, +1)  2 (+1, +1, +1)  3 (−1, +1, +1)
4 (−1, −1, −1)  5 (+1, −1, −1)  6 (+1, +1, −1)  7 (−1, +1, −1)

Yana da kusurwa 8, gefe 12, fuska 6, abin da ya dace da ƙa'idar da Leonhard Euler ya bayyana a 1750: kusurwoyi, a cire gefuna, a ƙara fuskoki, ya ba da 2. Fuskar gaba ita ce 0-1-2-3, ta dama 1-5-6-2, ta sama 3-2-6-7, ta baya 5-4-7-6. A lura da kusurwa ta 2: tana cikin fuskar gaba, da ta dama, da ta sama. Haka kowace kusurwa ta kub take, fuska uku ne ke tarayya a kanta.

Katin hoto bai san fuska mai gefe huɗu ba. Alwatika yake zanawa, domin kusurwa uku kullum suna kwance a shimfiɗa ɗaya, kusurwa huɗu kuwa ba lalle ba ne. Saboda haka ana tsaga kowace fuska biyu: ta gaba ta zama 0-1-2 da 0-2-3. Fuska 6 sun ba da alwatika 12, kowace alwatika tana kiran lamba 3, jimilla lamba 36. Abin da ake aika ma kati ke nan: jerin ƙulli, da jerin lambobi 36 masu nuna waɗanne ƙulli ne ke haɗa kowace alwatika. A cikin waɗannan jeri biyu babu gurbin da aka rubuta "fuska". Fuska tana cikin tunanin mai rubuta porogaram ne, kati bai karɓe ta ba, don haka babu inda zai rataya launinta.

4. Yadda launi ke isa ga ɗigo

Launi a na'ura lamba uku ne: yawan ja, yawan tsanwa, yawan shuɗi. A OpenGL kowace tana tsakanin 0 da 1. Ja shi ne (1, 0, 0), tsanwa (0, 1, 0), shuɗi (0, 0, 1), rawaya (1, 1, 0), fari (1, 1, 1). Akwai kuskure biyu da suka shafi rubutun lambobin nan. Na ɗaya, a takarda muna rubuta 0,5 da waƙafi kamar yadda makarantunmu suka saba, amma a cikin porogaram aya ake sawa, 0.5, wanda ya sa waƙafi ya mai da lamba ɗaya ta zama biyu. Na biyu, porogaram na gyaran hoto suna ƙidaya launi daga 0 zuwa 255. Wanda ya kwafo ruwan goro a matsayin (255, 128, 0) ya ba OpenGL, za a datse duk abin da ya wuce 1 ya koma 1, sai ya sami (1, 1, 0), wato rawaya. Sai an raba kowace lamba da 255 tukuna.

To, alwatika guda tana iya rufe dubban ɗigo a allo, alhali launi uku kawai aka ba ta, ɗaya a kowane ƙulli. Kati yana cike tsakani ne ta hanyar gauraya. Ga kowane ɗigo yana lissafa nauyi uku waɗanda jimillarsu 1 ce, kuma nauyin ƙulli yana ƙaruwa gwargwadon kusancin ɗigon da shi. Waɗannan su ne ma'aunan da August Möbius ya gabatar a 1827, masu suna coordonnées barycentriques a Faransanci. Launin ɗigo shi ne launin kowane ƙulli sau nauyinsa, a tara.

Mu ce ƙulli na farko ja ne, na biyu tsanwa, na uku shuɗi. A tsakiyar alwatika nauyin kowane kashi ɗaya ne cikin uku, launi ya zama (0,33, 0,33, 0,33), wato toka-toka. A ɗigon da nauyinsa ya kasance 0,5 da 0,3 da 0,2, launi ya zama (0,5, 0,3, 0,2), ruwan ƙasa. A tsakiyar gefen da ya haɗa ja da shuɗi, (0,5, 0, 0,5), shunayya. Narkewar launi da ɗalibi ya gani ba lalacewa ba ce ke nan. Kati ya yi daidai abin da aka gina shi ya yi. Kuma daga wannan lissafi sharaɗin da muke nema ya fito fili: alwatika za ta sami launi bai ɗaya ne idan ƙullinta uku suna ɗauke da launi iri ɗaya, domin ja sau 0,5 da ja sau 0,3 da ja sau 0,2 ja ne cikakke.

Akwai wata alama da ke tabbatar da cewa alwatika kati ke gani. Idan aka ba kusurwoyi huɗu na fuskar gaba launi huɗu daban, za a ga wani layi ya ratsa fuskar daga kusurwa 0 zuwa ta 2. Tsakiyar fuskar tana kan wannan layi, saboda haka launinta rabin na 0 ne da rabin na 2, ba ruwanta da 1 da 3. Idan aka tsaga fuskar ta ɗaya hannun, 0-1-3 da 1-2-3, tsakiyar za ta sauya launi ba tare da an taɓa launin ko kusurwa ɗaya ba. Gwaji ne na minti biyar, kuma yana da kyau kowane ɗalibi ya yi shi da hannunsa.

5. Kusurwa 8, ƙulli 24

Yanzu mu koma ga kusurwa ta 2. Muna so fuskar gaba ta zama ja, ta dama tsanwa, ta sama shuɗi. Bisa sharaɗin da muka samo, dole ƙullin da ke wannan wuri ya zama ja domin fuskar gaba, tsanwa domin ta dama, shuɗi domin ta sama. Ƙulli guda ba ya ɗaukar launi uku, kuma jerin lambobi ba ya iya ɗauko matsayi daga wani ƙulli ya ɗauko launi daga wani, tun da lamba ɗaya ƙulli ɗaya take kira da duk abin da ke cikinsa. Mafita ita ce a ajiye ƙulli uku a wuri ɗaya: matsayinsu ɗaya, (+1 ; +1 ; +1), launinsu daban. Kusurwa 8 sau 3 ya ba da 24. Ta ɗaya gefen ma haka ne: fuska 6 sau ƙulli 4 ya ba da 24. Jerin lambobi yana nan a 36, sai dai yanzu lambobin suna tafiya daga 0 zuwa 23.

Waɗanda suka koyi OpenGL a tsohuwar hanyarsa, wadda ta zo da fitowar farko daga kamfanin Silicon Graphics a 1992, suna iya cewa a da ba a wannan wahala. Ga yadda ake rubuta fuskar gaba a lokacin:

glBegin(GL_QUADS);
glColor3f(1.0, 0.0, 0.0);
glVertex3f(-1.0, -1.0, 1.0);
glVertex3f(1.0, -1.0, 1.0);
glVertex3f(1.0, 1.0, 1.0);
glVertex3f(-1.0, 1.0, 1.0);
glEnd();

A ido, kamar an ba fuska launi sau ɗaya. Abin da ke faruwa a ciki shi ne glColor3f yana ajiye launin da ake kai, kowane kiran glVertex3f kuma yana kwafar wannan launi ya haɗa da matsayi ya ƙulla. Fuska 6, kira 4 ga kowace, kira 24. Adadin bai taɓa sauyawa ba, rubutun ne ya rufe shi. An ayyana wannan hanya a matsayin wadda za a bari a OpenGL 3.0 na 2008, aka cire ta daga ginshiƙin tsarin a 3.1 na 2009. Katuna da yawa suna karɓarta har yanzu ta hanyar sashen da aka tanada domin tsofaffin porogaram, amma babu ita sam a OpenGL ES na wayoyin hannu, babu ita a WebGL da ya fito a 2011.

Nawa maimaitawar ke ci a ma'ajiya? Idan ƙulli yana da lamba 6, uku na matsayi uku na launi, kowace lamba okte 4, ƙulli ɗaya okte 24 ne. Lambar jeri kuma mu ba ta okte 2.

Hanya A: ƙulli 8, lambobin jeri 36, okte 264.
Hanya B: ƙulli 24, lambobin jeri 36, okte 648.
Hanya C: ƙulli 36, babu jerin lambobi, okte 864.

Hanya A ta fi arha amma launi yana narkewa. B da C suna ba da hoto iri ɗaya; C ta fi sauƙin rubutawa ga mai farawa, B ta fi tsimi. Kayan aikin da ake amfani da su a yau B suke bi. Akwatin da three.js ke ginawa yana da ƙulli 24 da lamba 36. Kub ɗin da Blender ke buɗewa da shi yana nuna kusurwa 8 a wurin gyara, amma idan aka fitar da shi a tsarin glTF tare da bayanin haskensa, ƙulli 24 ake samu a fayil.

6. Dabarar launi bai ɗaya da iyakarta

Ɗalibi mai bincike zai tambaya ko ba za a iya hana katin gaurayawa ba. Ana iyawa. A tsohuwar hanya umurnin shi ne glShadeModel(GL_FLAT). A sabuwa ana sa kalmar flat a gaban launin a cikin ƴan porogaram ɗin da ke gudana a kati, waɗanda ake rubutawa da harshen GLSL tun OpenGL 2.0 na 2004. Da wannan, kati yana ɗaukar launin ƙulli ɗaya daga cikin uku ya shafe alwatika duka da shi. A OpenGL na ƙarshe a jeri ne ake ɗauka idan ba a sauya ba, a Direct3D da Vulkan na farko ne. Wanda ya kai porogaram daga wannan zuwa wancan bai kula ba zai ga launuka sun yi musaya.

Ga kub, dabarar tana aiki da ƙulli 8. Ana ware ma kowace fuska kusurwa ɗaya tata, ana tsaga fuskar ta yadda alwatikanta biyu za su ƙare da wannan kusurwa, kusurwa 6 su yi aiki, 2 su rage. Amma wannan sa'a ce ta kub, domin kusurwoyinsa sun fi fuskokinsa yawa. A siffar da fuskokinta duka alwatika ne, rufaffiya kuma marar rami, ƙa'idar Euler tana ba da cewa adadin fuskoki shi ne kusurwoyi sau 2 a cire 4. Siffa mai fuska 8 tana da kusurwa 6 kawai, mai fuska 20 tana da 12. Kusurwoyin ba za su isa a raba ma fuskoki ba, dole a koma ga maimaitawa. Ban da haka, manna hoto daban a kowace fuska yana bukatar gauraya a cikin fuskar, abin da flat ya hana. Saboda haka muna ganin a nuna wannan dabara bayan ɗalibi ya fahimci 24, kada ta zama madadinsa.

7. Fuskar da ya kamata ta ɓuya

Da zarar launuka sun tsaya, wata matsala da narkewa ta rufe sai ta bayyana. Mai kallon kub daga waje ba ya ganin fiye da fuska uku a lokaci ɗaya, amma kati yana zana alwatika 12 bi da bi, kuma wadda ta zo daga baya tana shafe wadda ta riga ta. Idan fuskar baya ce ƙarshe a jeri, ita za ta hau kan ta gaba. Ɗalibi yakan ɗauka launin ne ya kuskure, alhali launin daidai yake, fuskar ce ba ta kamata a gan ta ba.

Hanya uku aka sani. Ta farko ita ce a jera fuskoki daga mafi nisa zuwa mafi kusa kafin a zana, kamar yadda mai fenti ke fara da bayan hoto. Newell, Newell da Sancha suka bayyana ta a 1972. Tana gazawa idan fuskoki suka ratsa juna. Ta biyu ita ce rumbun zurfi, wanda Edwin Catmull a Amurka da Wolfgang Straßer a Jamus suka bayyana, kowa a nasa aikin, a 1974: ana ajiye ma kowane ɗigo nisan abin da aka zana a kansa, sabon launi ba ya shiga sai idan ya fi kusa. Ita ce katuna ke yi a yau, amma a OpenGL a kashe take sai an kunna ta da glEnable(GL_DEPTH_TEST), kuma dole a share rumbun kafin kowane sabon hoto, in ba haka ba nisan hoton da ya wuce zai hana na yanzu fitowa.

Ta uku ita ce a zubar da duk alwatikar da ta juya ma mai kallo baya. Kati yana gane wannan daga jerin ƙullinta: idan a allo suna zagayawa saɓanin hannun agogo, gabanta ake gani, idan suna bin hannun agogo, bayanta ne. Shi ya sa a sashe na 3 muka rubuta fuskar baya 5-4-7-6, jerin da ke saɓa ma agogo ga wanda ya zagaya ya tsaya a bayan kub. Ga siffa guda marar loko kamar kub, wannan hanya kaɗai ta isa. Wanda ya juya jerin wata fuska kuwa, ranar da ya kunna glEnable(GL_CULL_FACE) zai ga rami a wurinta.

Domin gano irin wannan kuskure da wuri, yana da amfani a zaɓi launuka masu faɗin inda fuska ta dosa: ja ga fuskar dama, tsanwa ga ta sama, shuɗi ga ta gaba, bisa al'adar da ke haɗa x da ja, y da tsanwa, z da shuɗi, sannan kishiyar kowace ta sami launin nan mai duhu. Duk wanda ya ga ja mai haske da ja mai duhu tare a allo ya san an zana abin da ya kamata ya ɓuya.

8. Haske: ƙa'idar ta dawo

Kub mai launi ɗaya, in babu haske, tabo ne kawai a allo. Abin da ke fito da gefunansa shi ne bambancin hasken da ke sauka a kowace fuska. Ƙa'idar da aka fi farawa da ita ta Johann Heinrich Lambert ce, daga littafinsa Photometria na 1760: hasken fuska yana tafiya da kosinus na kwanar da ke tsakanin inda fuskar ta dosa da inda haske yake. Inda fuska ta dosa ana nuna shi da kibiya mai tsawon 1 da ke tsaye a kanta, wato normale. Mu ce mata kibiyar tsaye. Ta fuskar dama ita ce (1, 0, 0), ta sama (0, 1, 0), ta gaba (0, 0, 1).

Mu ce kibiyar da ke nuna inda haske yake ita ce (2/7, 6/7, 3/7), wadda tsawonta 1 ne tun da 4 da 36 da 9 sun yi 49. Kosinus ɗin ana samunsa ta ninka kowace lamba da takwararta a tara. Fuskar sama ta sami 0,86, ta gaba 0,43, ta dama 0,29. Sauran ukun suna ba da lamba ƙasa da sifiri, sai a mai da ita sifiri, a ƙara ɗan haske na bai ɗaya don kada su yi baƙi ƙirin. Launin fuska sau wannan lamba shi ne abin da ake gani: ja mai haske a sama, ja mai duhu a gefe.

A ina ake ajiye kibiyar tsaye? A ƙulli, kamar launi. A kusurwa ta 2 ana bukatar kibiya uku daban, saboda haka ko da kub ɗin launinsa ɗaya ne, haske yana tilasta ƙulli 24. Wanda ya nace a kan 8 dole ya ba kusurwar matsakaiciyar kibiya, wajen (0,58, 0,58, 0,58), sai haske ya narke a kan gefuna, kub ya yi kama da sabulun da ya sha wanka.

Wannan narkewa da ke ɓata kub ita ce ake nema a ƙwallo. Henri Gouraud, Bafaranshe, ya nuna a jami'ar Utah a 1971 cewa idan aka lissafa haske a kusurwoyi aka gauraya shi a cikin alwatika, siffar da aka gina da ƙananan fuskoki za ta fito sumul. Bui Tuong Phong, ɗan Biyetnam, ya ƙara a wannan jami'a a 1973 cewa a gauraya kibiyar kanta, a lissafa haske a kowane ɗigo. Duka biyun suna dogara ne da fuskoki maƙwabta su yi tarayya a ƙulli ɗaya. Ƙa'idar da za a riƙe ke nan: inda jiki yake sumul, fuskoki su yi tarayya a ƙulli; inda akwai kaifi, ko sauyin launi, ko ɗinkin hoto, kowace fuska ta riƙe nata. Gwangwani yana nuna duka biyun: ƙullin zagayensa na tarayya ne, amma a bakin murfi sai an raba.

Ga masu aiki da tsohuwar hanya akwai ƙarin abin lura: da an kunna haske, OpenGL yana daina duba glColor3f sai an kunna GL_COLOR_MATERIAL, kub ɗin da aka sha wahalar ba launi shida sai ya koma toka-toka.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarar a jera darasin kamar haka. A fara da alwatika ɗaya mai launi uku, ɗalibi ya lissafa launin ɗigo biyu ko uku da alƙalami kafin ya duba allo. A bi da fuska ɗaya mai launi huɗu da tsagawarta iri biyu. Sannan a gina kub na ƙulli 8, a bar ɗalibai su faɗi da kansu abin da ya hana launi tsayawa, kafin a wuce ga na 24. Rumbun zurfi da jerin zagayawa su zo bayan haka, haske ya zo a ƙarshe, inda za a tambaye su adadin ƙullin da dala mai gindi murabba'i ke bukata idan kowace fuska za ta sami haskenta. Amsar 16 ce, 4 na gindi da 3 sau 4 na ɓangarori, alhali kusurwoyinta 5 ne. Wanda ya samo ta ba tare da taimako ba ya fahimci darasin.

Game da kalmomi, ƙulli da kibiyar tsaye da rumbun zurfi shawarwari ne da muke miƙa ma abokan aiki na sashen lissafi da na harsuna. Abin da muke ganin bai kamata a sassauta a kansa ba shi ne raba kusurwa da ƙulli, ko da wace kalma aka zaɓa daga baya, domin ɗalibin da ke da suna biyu ga abu biyu zai iya faɗin cewa kub yana da kusurwa 8 da ƙulli 24 ba tare da ya ji maganar ta ci karo da kanta ba.